Kada Ka Sallami Dogon Nan

Taman Melati, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Babana.

Ina gaishe ka gaisuwar uban da ya fara kewar ɗansa tun bai tafi ba. Ina fatan ka tashi lafiya a can Titiwangsa, kai da abokin nan naka da ya ba ka masauki don kada ka kwashi cutar nan a wurina, Allah ya saka masa da alheri. Allah ya sa gwajin da za a yi maka kafin shiga jirgi ya fito fes. Allah ya kai ka Najeriya lafiya, ya tsare ka daga wannan annoba da ma abin da ya fi ta.

Ni da sauƙi, alhamdu lillahi. Zazzaɓin ya sauka, tarin ne dai bai gama sallamata ba, kuma har yanzu ba na jin ɗanɗanon komai. Ummanka tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya kamar mai ciyar da kura. Jiya har miyar kuka ta yi mini da 'yar ragowar kukar da take tattali tun kafin a rufe iyakoki. Na sha kamar ruwan ɗumi, na ce mata ta yi daɗi. Kada ka faɗa mata.

Da hannu nake rubuta wannan, amma hotonta zan ɗauka in turo maka ta waya, don ko takardar da na taɓa ba na so ta kusance ka. Kuma da gangan na yi ta da Hausa. Na san halinku kai da ƙanwarka Hanifa, a yi muku Hausa ku mayar da Turanci, in an matsa ku ce "boleh lah", wato "zai yiwu" da harshen Malay, ku wuce. Ka daure ka karanta a hankali, domin inda za ka, da wannan harshen za ka yi wa yara magana.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya da hantsi ka kira Ummanka, ta sa ka a sifika tana yankan albasa, ƙofar ɗakin nan kuwa ka san ba ta riƙe sirri. Na ji kana ce mata jami'ar da ta ɗauke ka kocin ƙwallon kwando ta turo maka bidiyon yaran, kuma suna so kana sauka ka faɗi wa zai zauna a ƙungiya, wa zai tafi. Sai na ji ka ce, "Umma, tsarin Baba zan yi, gudu da matsi. Akwai wani dogo, Lawal, sam ba ya gudu. Shi zan fara sallama."

Wallahi da farko daɗi ne ya kama ni. Rabon da in ji ka haɗa sunana da ƙwallo a magana ɗaya, an yi shekaru. Amma kafin daɗin ya gama shiga, sai maganar dogon nan ta tsaya mini a rai. Na roƙi Ummanka ta karɓo mini bidiyon a wurinka kamar ita ce ke son gani, kuma ta yi, ka yafe mana wannan. Na kalla na sake kalla har waya ta yi zafi. Roƙona ɗaya ne, Babana: kada ka sallami dogon nan tukuna. Ba zan iya gaya maka dalili ba sai na tona wa kaina asiri, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lokacin da kwalejin nan ta fara ba ni ƙungiya, ban daɗe da gama karatun da gwamnati ta turo ni ba, kai kana ɗan firamare. Kaina a kumbure yake. Ranar zaɓen 'yan wasa na jera ɗalibai a jikin bango na bi su da ido kamar mai zaɓen rake, duk wanda ya fi tsawo na ce ya fito. Na kwashi 'yan Najeriya da 'yan Sudan, zaƙaƙurai, in sun shigo jirgin ƙasa sai sun sunkuya. Akwai wani ɗan guntun Ba'indiye daga unguwar Brickfields, Kumar, wanda ka taso ka gani a gidan nan kana ce masa kawu. A ranar ban san shi ba. Ya zo da takalminsa a leda, na dube shi sama da ƙasa na ce, "Wannan wasan na dogaye ne, je ka gwada badminton."

Wasanmu na farko ba na mantawa da shi. Dogayena ko tsakiyar fili sun kasa tsallakawa da ƙwallo. Duk wanda ya buga ta a ƙasa sai ta taso masa har ƙirji, kafin ta dawo hannunsa wani ɗan ƙaramin yaro ya wafce ya yi gaba. Ina ta ihu a gefe har murya ta dushe. Da na ɗaga kai, sai ga Kumar a cikin 'yan kallo yana cin gyaɗa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Washegari na hau jirgin ƙasa har Brickfields, na same shi a wani shagon abinci yana cin shinkafa a kan ganyen ayaba. Na zauna na ce masa ina buƙatarsa. Ya ci gaba da cin abincinsa, sai da ya ga dama ya ce, "Koci, ai na zaci badminton ka ce." Ya yi dariya ya sa aka kawo mini tawa shinkafar. Daga ranar da ya fara ɗauko mana ƙwallo daga baya, dogayen nan suka zama mutane.

To ka ji na farko. In ka tsaya gaban yaran nan, kada ka ƙirga jikuna, ka ƙirga ayyuka. Wa zai ɗauko ƙwallo ya tsallaka da ita in an taso masa? Wa zai jefa daga nesa har abokan karawa su ji tsoron barinsa shi kaɗai? Wa ke jin daɗin tsaron gida, ba don an tilasta masa ba? Wa zai yi kokawa a ƙarƙashin kwando ya cafe wadda ta ƙi shiga? Sannan ka nemi wanda zai zauna a benci bai ɓata rai ba, shi ma aiki ne, kuma samunsa ya fi wuya. Na taɓa tara gwanayen jefawa zalla a wata shekara, na manta ƙwallon ɗaya ce. Kowa ya karɓa ba ya bayarwa, har biyu daga cikinsu suka daina gaisawa a masallaci. Miya ba ta yiwuwa da gishiri kaɗai.

Kuskure na biyu, kunya ce ta ja mini, kuma ka saurara da kyau domin can gida za ka sha irinsa. Wani bawan Allah ɗan garinmu ya zo ganin ɗansa da ke karatu a kwalejin. Ya gayyace ni shayi a mamak, shagon shayin nan na bakin tasha, muka yi hirar gida har na ji ƙwalla. Da za mu tashi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Garba, ga ɗanka nan, a sa shi a ƙungiya." Yaron ba mugu ba ne, amma ba shi da gurbi, duk aikin da zai iya akwai wanda ya fi shi. Na kasa cewa a'a. Na cire wani yaro ɗan Malay mai ƙoƙari na sa shi.

Ban yi wa kowa gwaninta ba. Yaron ya shekara a benci yana cika yana batsewa, ubansa yana kira daga gida yana tambayar me ya sa ba a sa shi. Su kuwa sauran yaran suka fara raɗa cewa koci nasa yake ɗauka. Kumar ne ya kawo mini maganar, a lokacin ya zama kyaftin. Ya ce, "Koci, suna cewa in mutum ba ya jin Hausa sai ya yi gudu biyu." Maganar nan ta soke ni. Na rantse a raina ba za a sake cewa na fifita nawa ba har in bar aikin nan.

Za su zo maka, Babana. Wani zai zo da sallama, wani da takarda daga ofishin wane, wani ma zai ce ya san kakanka. Ka tashi ka gaishe su da ladabi, ka ba su ruwa, ka ce yaro ya zo gwaji kamar kowa. In ba shi da gurbi ka faɗa tun ranar, da bakinka, ba ta waya ba. Fushin yini ɗaya ya fi gabar shekara sauƙi. Amma ka lura da rantsuwar da mutum ke yi cikin zafin rai, ni tawa ta zo ta ci wanda bai ji ba bai gani ba. Zan zo kan wannan.

Bayan nan ne na samo tsarin da kake kira nawa. Na duba na ga yawancin yaran ƙasar nan ba su da tsawo amma suna da sauri kamar me, kuma ba sa gajiya a zafin nan da ke narkar da baƙo. Sai na ce to mu yi ta gudu. Mu matsa wa abokan karawa tun daga ƙarƙashin kwandonsu, kada mu bari su numfasa, in mun ƙwace mu ruga kafin su juyo. Ya karɓe mu. Muka ci kofunan da kake gani a saman kabad ɗin falo, waɗanda Ummanka ke cewa ba abin da suke tarawa sai ƙura.

Ka ga, yaran ne suka ba ni tsarin, ba ni na ba su ba. Amma da nasara ta zo sai na manta da haka. Na ɗauka ni ne na sauko da shi daga sama. Na ƙirƙiro wata al'ada ta ranar zaɓe: kafin kowa ya taɓa ƙwallo, sai a yi tsere daga layi zuwa layi har sai wani ya yi amai, waɗanda suka zo ƙarshe in ce su ɗauki jakarsu. Ko ƙwallon ban bari sun riƙe ba, balle in ga abin da hannunsu ya iya. Allah kaɗai ya san irin yaran da na kora a haka. Ina ganin wasu daga baya a rigar wasu kwalejoji suna cin mu, in ce sa'a ce.

Kada ka auna yaro da abu ɗaya. In za ka sa su gudu, sa su, amma ka ba su ƙwallo su yi wasa na gaske, kai kuma ka koma gefe ka rufe bakinka. Kada ka bi ƙwallon da ido, kowa ita yake kallo. Ka kalli wanda ba ta hannunsa, ka ga ina yake tsayawa, wa yake yi wa magana, me yake yi in an ƙwace ta saboda kuskuren wani. Kuma ka fara sanin yaran da Allah ya ba ka kafin ka yanke irin wasan da za ku yi. Tela ma sai ya auna mutum yake yanka yadi.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye. Na ajiye biro na sha ruwa na dawo.

Ka shigo kwalejin nan ka fi ni tsawo, kafaɗa kamar ƙofa, hannu kamar faranti. Kuma ba ka da gudu. Ba lalaci ba ne, haka Allah ya gina ka, jikin kawunnanka na wajen uwa ka ɗauko. Ni kuwa a Zariya da gudu aka san ni. 'Yan uwanmu na nan in sun gan mu tare sai su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ina dariya a fuska, ciki kuwa yana ci na. A tseren ranar zaɓe da kyar ka tsallake, kai ne na ƙarshe a cikin waɗanda suka tsira.

Amma abin da kake yi da ƙwallo, ban taɓa gani ba. Kafin ta iso hannunka ka riga ka san inda za ta. Kana kallon gabas ka miƙa ta yamma, ta faɗa hannun yaron da shi kansa bai san a buɗe yake ba. Yaran da ba su iya jefawa ba, in kana fili sai su fara ci. Kada ka ɗauka daga baya na gane. Tun makon farko na gani.

Kumar, wanda a lokacin ya zama mataimakina, ya ja ni gefe ya ce, "Koci, mu rage gudu saboda yaron nan. Mu tsayar da shi a tsakiya, sauran su yi ta kewaya shi, shi ya raba. Boleh lah, Koci." Na san gaskiya ya faɗa. Na ce masa ba zan canza tsarin da ya ci kofuna saboda mutum ɗaya ba. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, da ɗan wani ne kai, da a ranar zan canza. Tsoro nake ji a ce Garba ya rushe ƙungiya don ya gina ɗansa. Rantsuwar nan ce ta dawo.

Sannan ga alkunya. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. A gidan da na taso, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Ni haka aka yi mini, kuma ban taɓa shakkar mahaifina yana sona ba, domin duk garin haka ake yi, kowa ya san fassarar shirun. Na manta kai a Kuala Lumpur ka taso, inda kake ganin uban abokinka ya rungume shi a bakin fili don ya ci ƙwallo ɗaya tak. Ba wanda ya fassara maka shiruna. A gida Babana, a fili Lamba Tara. Kana ji ina kiran Hanifa da sunanta, ina yaba zanen da ta yi a makaranta, kai kuwa in ka yi abin kirki sai in hura usur in ce a sake.

Na sa ka gudu fiye da kowa. In wani ya makara a komawa gida in yi masa tsawa, in kai ne in tsayar da atisaye gaba ɗaya. Ka rame, gwiwarka ta fara ciwo, kana ɗaure ta da bandeji a ɓoye, ina gani ina kawar da kai. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, ana cin mu, yara sun rasa yadda za su fasa tsaron abokan karawa, kowa a filin ya san kai ake buƙata. Kumar yana ta kallona. Na bar ka a benci har aka tashi.

Ka tuna hanyar dawowa? La'asar ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka maƙale a cunkoso wajen Titiwangsa. Ka daɗe kana kallon gilashi, sannan ka tambaye ni da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, wai da gaske ba ka iya ba ne. Allah ya ba ni dama a cikin motar nan, daga ni sai kai, ba mai cewa na fifita nawa. Na buɗe baki na ce, "Ka rage makan, ka ƙara gudu," wato ka rage cin abinci.

Da safe na tarar da rigarka ta wasa a ninke a kan teburin cin abinci. Ummanka tana tsaye a kanta. Ta ce, "Abban Hanifa, kana ganin ƙwallo yaron nan ya ajiye? To ba ƙwallo ba ce." Na ce mata zai huce. Ka ci gaba da gaishe ni safe da yamma, kana kai ni asibiti in ba ni da lafiya, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba ka sake yi mini maganar wasa ba, ni kuma girman kai ya hana ni farawa. Da na sani ƙeya ce.

Shawarar da ke cikin wannan gajera ce. Adalci ba shi ne ka matse naka don mutane su yaba maka ba, wannan ma son kai ne, sunanka kake karewa. Kuma in yaro ya yi daidai, ka faɗa masa a lokacin, da sunansa, kowa ya ji.

Yanzu ka koma kan bidiyon nan ka kalli Lawal, amma kada ka kalli ƙafarsa. Akwai wurin da aka miƙo masa ƙwallo yana tsakiya, mutum biyu suka rufe shi. Ka tsayar da hoton kafin ta iso hannunsa, ka ga inda idonsa yake. Ya riga ya hango ɗan siririn nan a kusurwa. Yaron bai cafe ba, ta fita waje, shi ya sa abin ya yi kama da kuskuren Lawal. Ba nasa ba ne, ya riga abokan wasansa tunani ne. Sannan ka ga abin da ya yi bayan nan: ya ɗaga hannu ya ce laifinsa ne, don kada a yi wa ƙaramin faɗa. Ni na san wani yaro da yake yin haka.

In ni ne kai, da abin da na sani yau, zan tsayar da shi a bakin da'irar nan ta gaban kwando, in ba shi ƙwallo, in sa masu saurin nan biyu su yi ta yankawa ta bayansa. A tsaron gida kuma kada ka sa shi bin mutum har tsakiyar fili, za a bar shi a baya ya ji kunya. Ka ba kowa yankinsa ya tsare, shi ka bar shi kusa da kwando inda tsawonsa zai yi magana. Za ku rage gudu, 'yan kallo za su ce wasanku ba armashi. Ka bar su su faɗa, ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Ban ce dole ka riƙe shi ba. Bidiyo bidiyo ne, kai za ka gan shi ido da ido, kuma ƙungiyar taka ce. Mai yiwuwa ka je ka tarar sauran duk 'yan gudu ne, ba mai haƙurin jiran a raba masa, ka ga riƙe shi zai cuce su ya cuce shi. In haka ne ka sallame shi, amma bayan ka ba shi makonni yana wasa a inda ya dace da shi. Ka zaunar da shi ka gaya masa abin da ya iya, dalla-dalla, ka gaya masa tsarin ne bai dace da shi ba, ka nema masa kocin da zai san darajarsa. Kada ya fita daga ofishinka yana tambayar kansa ko bai iya ba. Kuma kada ka riƙe shi don tausayina, wannan ma wata cutar ce.

Abu na ƙarshe a kan tsarin nan da kake cewa na Baba. Zan faɗa maka wani abin da ko Ummanka ba ta sani ba. Kafin a kulle gari, Kumar ya gaya mini kana koyar da yaran sakandare ranar Asabar a filin da ke gefen tafkin Titiwangsa. Na je. Na tsaya nesa a bayan wata bishiya kamar ɓarawo. Na ga wani yaro ya zubar da ƙwallo, ni da tuni na fasa usur. Kai sai ka tako a hankali, ka durƙusa daidai tsawonsa, ka tambaye shi me ya gani. Yaron ya yi bayani, ka gyaɗa kai, ka matsar da ƙafarsa kaɗan. Bai sake zubarwa ba. Na koma mota na zauna na daɗe ban tayar ba.

Gudu da matsi halina ne, ni mutum ne mai wuta, ban iya zama ba, ko a layin banki sai na yi faɗa. Yarana suna gudu ne domin ina gudu tare da su a bakin layi. Kai ba haka kake ba. Kai mai sanyi ne, mai kallo, mai jira. In ka ce za ka yi ihu irin nawa, yaran za su gane ba muryarka ba ce tun ranar farko. Zanen aro ba ya rufe katara. In kuwa don ka faranta mini ne kake son tsarina, ko don ka nuna mini ka iya abin da na ce ba ka iya ba, to na sauke maka wannan kayan. Ka yi wasan da ya yi kama da kai da yaran da ke gabanka.

Saura tambayar da ka yi mini a mota, wadda na ba ka amsar banza. Ga amsarta, ko da ta makara. Ka iya. A duk yaran da suka bi ta hannuna, ba wanda ya kai ka ganin fili, kuma da na saurari Kumar, da kai ne za ka ɗaga kofin waccan shekarar. Kocin ne bai iya ba. Ka yafe mini, don Allah. Ina alfahari da kai tun kana ɗan firamare kana biyo ni fili da gorar ruwa, bakina ne kawai ya yi nauyi.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ko ana tsakiyar atisaye ka tsayar. Ka sa takunkuminka a jirgi ko na kusa da kai ya cire. In ka isa ka je ka gaida gwaggonninka kafin su aiko maka da saƙon faɗa, kuma duk abin da suka zuba maka ka ci, kada ka ce yaji ya yi yawa. Ka riƙa kiran Ummanka, tana nuna jarumta ne kawai, na ji ta tana jan hanci a kicin kuma albasar ta daɗe da ƙarewa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka sauka a sa'a. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin mahassada. Allah ya ba ka ido a kan yaran mutane, ya sa ka zama sanadin alherinsu. Allah ya yi maka albarka duniya da lahira, ya sa in sake ganinka ba ta bayan gilashi ba.

Ummanka ta ce ranar tafiya za ka biyo ku yi sallama a ƙasan bene. Ba za a bar ni in sauko ba, kuma ko an bar ni ba zan matso kusa da kai ba. Amma tagar ɗakin nan tana kallon ɗan filin unguwa, wanda aka zagaye da igiya tun farkon kulle. Ka tsaya a gefensa, daidai kwandon nan mara raga, inda na fara ɗora ka a wuya ka jefa. Zan buɗe taga. Muryar ba ta gama dawowa ba, amma za ta kai ƙasa. Zan kira ka Yusuf, da ƙarfi, duk maƙwabta su ji. Ka ɗago kai ka amsa mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Garba